Aikin Da Aka Roƙa Ba Ya Shiga Lissafi

Zuwa ga Tita Amparo,

Don Allah ki taimaka mini da shawara kafin watan nan ya mutu, domin in ya mutu ban yanke hukunci ba, to an yanke mini ke nan. Na daɗe ina karanta filinki, wani lokaci har dariya nake yi wa masu rubuto miki, ina cewa mene ne na kai kukan gida jarida. Yau ga ni a layi. Duk sunayen da zan ambata na sauya su, ko da yake duk wanda ya san kwalejinmu a nan Lucena zai gane mu, kuma Allah ya sani na kai matsayin da ban damu ba.

Ni malama ce, ina koyar da ilimin sinadarai ga masu karatun jinya a wata kwaleji mai zaman kanta. Shekarata uku a wurin. Akwai yarjejeniya tsakanin ƙungiyar malamai da hukumar makaranta, a cikinta aka tsara yadda ake auna aikin kowa. Awa ɗaya ta lacca a mako, yunit ɗaya ce. Awa uku a ɗakin gwaje-gwaje kuwa yunit biyu ce, wai don a can ɗalibai ne ke aiki, malami kallo kawai yake yi. Wanda ya rubuta wannan ina so wata rana ya zo ya tsaya a kan yara arba'in, wuta a kunne, kwalaben asid a hannunsu, ya ga ko kallo ake yi. Amma ba wannan ce ta kawo ni ba. Wannan na haɗiye ta tuntuni da ruwa.

Cikakken aiki a wurinmu yunit goma sha takwas ne. Sabon malami sai ya yi zango shida a jere da cikakken aiki kafin a tabbatar da shi. A jere, Tita. In zango ɗaya ya gaza, igiya ta tsinke, sai a koma farko. Kuma ke kin san abin da tabbatarwa take nufi ga irinmu: ka daina kwana da fargabar cewa a ƙarshen zango za a yi maka godiya a nuna maka ƙofa. Ni da mijina Efren, wanda ke gyaran injinan jiragen kamun kifi a Dalahican, komai namu mun rataye shi a kan ranar nan. Har haihuwa ta biyu muka ɗage, muna cewa bari a tabbatar da ni tukuna, ga shi shekaruna sun haura talatin da bakwai.

Yanzu bari in gaya miki wadda nake kuka da ita, don a nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Shugabar tsangayarmu, Dakta Eufemia, Ninang ɗina ce. Ita ta tsaya mana a coci ranar aurenmu a matsayin uwa. Ƙawar mahaifiyata ce tun suna firamare, kuma ita ta yi mini hanya aka kira ni ganawar ɗaukar aiki. Har yau in mun haɗu ba idon mutane, sai na kama hannunta na ɗora a goshina, yadda muke gaida manya. Ninang Femy, kamar yadda muke kiranta, mace ce mai sanyin murya, ba ta taɓa ɗaga wa ko mai shara murya ba, kuma abin alfaharinta a duniya shi ne ba ta ba da umarni. Komai nata pakiusap ne, roƙon alfarma. Za ta dafa kafaɗarki ta ce, "Pakiusap lang, anak, 'yata, in ba zan takura miki ba." Ban taɓa ganin wanda ya ce mata za ta takura masa ba.

A zangona na biyar ɗalibai suka ragu a makarantar. Wani tsohon malami tabbatacce, Malam Gaudencio, ajinsa ɗaya bai samu mutane ba aka rufe shi. Yarjejeniya ta ce dole a fara cika wa tabbatattu aikinsu, ko da daga na waɗanda ba a tabbatar ba za a yago. Sai aka ɗauke mini aji guda aka ba shi, na koma yunit goma sha biyar. Ban ga laifin Malam Gaudencio ba, shi ma bai so ba, har haƙuri ya ba ni a bakin matakala. Na ruga ofishin Ninang hankalina a tashe. Ta zuba mini kofi, ta ce in kwantar da hankalina, ai tana nan, ba abin da zai same ni tana kan kujerar nan.

A cikin makon nan ta aika aka kira ni. Ta ce akwai yara wajen talatin da suka faɗi darasina a zangon baya, wasu a hannuna wasu a hannun wani malamin, kuma in ba su maimaita yanzu ba, ba za a tura su aikin asibiti tare da 'yan ajinsu ba, shekara guda za ta tafi musu a banza. Hukuma ta ƙi buɗe musu aji, wai an rufe kasafi. Ta riƙe hannuna ta ce pakiusap, in ɗauke su ranar Asabar, awa ɗaya ta lacca da awa uku na gwaji. Tita, a cikin keken da ya kai ni gida ran nan na yi lissafin da kaina. Ɗaya da biyu, uku. Goma sha biyar da uku, goma sha takwas. Na ce Allah na gode maka, ashe haka Ninang ta shirya fitar da ni ba tare da ta yi surutu ba. Har mahaifiyata na buga wa waya na ce ta ga irin mutuniyar da Allah ya ba mu.

Na yi ajin nan zango guda cur. Duk Asabar, lokacin da sauran malamai ke wanki ko suna kasuwa da iyalinsu, ni ina ɗakin gwaji da yaran da suka riga suka tsani darasin. Ɗana ya yi wasan makarantarsu ran wata Asabar, a wayar Efren na kalla. Na tsara musu jarrabawa, na duba, na ba da sakamako, aka shigar da shi ofishin rajista a ƙarƙashin sunan shugabar tsangaya. Yaran nan kusan duka sun ci, yanzu haka suna asibiti da fararen kaya, in suka gan ni a titi sai su tsaya su gaishe ni.

Makon jiya, da zango na shida ya ƙare, aka kira ni ofishin ma'aikata. Na sa rigata mai kyau, na ma yi wa Efren alkawarin za mu ci abinci a waje. Matar ofishin ta ba ni kujera, ta ce an duba aikina, ba mai ƙorafi a kaina, ɗalibai suna yabona, amma zangona na biyar yunit goma sha biyar ne, saboda haka ban cika sharaɗi ba. Na ce akwai ajin Asabar. Sai ta buɗe yarjejeniyar ta karanta mini: aikin da shugaban tsangaya ya ɗora wa malami shi ake lissafawa, aikin da malami ya ɗauka don raɗin kansa ba ya shiga. Na ce ai shugabar tsangaya ce ta ba ni. Matar, don ta yi mini adalci, ta ɗauki waya a gabana ta kira Ninang, ta buɗe murya ina ji, ta tambaye ta ko ita ta ɗora mini ajin.

Ninang ta yi ɗan shiru, sannan ta yi 'yar dariyar nan tata ta ce, "Ɗora mata? Haba dai. Ni ban taɓa ɗora wa kowa aiki ba. Roƙonta na yi, ita kuwa yarinyar kirki ce, ta amsa."

Tita, ban san yadda na fito daga ofishin nan ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ƙarya ta yi ba. Roƙona ta yi. Amma don Allah ki gaya mini, a ƙasar nan wace 'ya ce Ninang ɗinta, kuma shugabarta a wurin aiki, za ta riƙe mata hannu ta ce pakiusap, ita kuma ta ce a'a, Asabar ɗina tawa ce? Da na faɗi haka, kafin in isa gida labari ya riga ni wurin mahaifiyata, kuma da yanzu ba ma maganar zango na shida ake yi ba. Kowa ya san wannan. Matar ofishin ta sani, don ta kasa kallon idona. Ninang ta fi kowa sani. Amma da aka zo kan takarda, sai duk muka zama baƙi, kamar ba a nan aka haife mu ba.

Sun miƙo mini sabon kwantiragi, in sake fara gwaji daga zango na ɗaya, in sa hannu kafin ƙarshen wata. Shekara uku ta zama kamar ban yi ta ba.

Na tafi wurin shugaban ƙungiyarmu, Malam Dimaculangan. Na same shi a kantin abinci yana zuƙar taliyar pancit daga ganyen ayaba. Ni ban ma da ikon jefa ƙuri'a a ƙungiyar tunda ba a tabbatar da ni ba, amma ana cire mini nasu kason duk wata, ba a taɓa mantawa ba. Da na gama ba shi labari sai ya goge bakinsa ya ce su ne ma suka yi faɗa a kan wannan sakin layin, shekarun baya, don a daina jibga wa malamai aiki a kyauta. Suka yi nasara, aka rubuta cewa duk aikin da aka ɗora dole a lissafa. "Tun daga shekarar nan," in ji shi, "ba shugaban tsangayar da ya sake ɗora wa kowa komai a kwalejin nan. Dukansu sun koyi bara."

Ya ce in shigar da ƙorafi a hukumance, ƙungiya za ta tsaya mini, kuma wa'adin shigarwar shi ma ƙarshen watan nan ne. Amma bai ɓoye mini ba, dole sunan Ninang ya fito, kuma zai bayyana cewa ta gudanar da ajin da hukuma ta hana buɗewa. Matar nan shekara mai zuwa za ta yi ritaya, bayan ta ba makarantar ƙuruciyarta duka. Kuma in gaya miki gaskiya, shi ma ya ba ni haushi. Yadda idanunsa suka riƙa ƙyalli yana cewa irin shari'ar da suka daɗe suna jira ke nan, sai na ji kamar ni ba mutum ba ce, sanda ce ya tsinta. Ina yake lokacin da nake shan Asabar ɗina ni kaɗai? Ofishinsa yana kallon ɗakin gwajin.

A gida kuma wata sabuwa. Mahaifiyata da ta ji maganar ƙorafi sai ta fashe da kuka, ta ce ashe ta haifi marar utang na loob, wadda ba ta san bashin alheri ba. Ta tuna mini cewa lokacin jinyar mahaifina Femy ce ke kwana da ita a asibiti, ita ta riƙe ta a makabarta. Ta ce wanda ya yi maka rana ba ka yi masa dare, aiki kuwa ana samu ana rasawa. Efren da farko cewa ya yi in kai su har gaban kotu, da ya ga hawayen surukarsa sai ya koma cewa duk abin da na zaɓa yana bayana. Bayana fa, Tita, ba gefena ba.

Abin da ya sa na zauna rubuta miki shi ne ran Lahadi. Bayan an fito daga coci Ninang ta nufo ni a gaban mutane, ta miƙo mini budin, wainar rogo, a nannaɗe, irin na garin Tayabas da ta san ina so. Ta gyara mini wuyan rigata ta ce in yi haƙuri, ita ma abin ya dame ta ƙwarai, amma shekara uku kamar gobe ce, kuma ta riga ta yi magana a tabbatar an ba ni sabon kwantiragin. Wato har godiya take jira. Kuma kin san abin da na yi? Na karɓa, na kama hannunta na ɗora a goshina, na ce na gode, Ninang. Hannuna ne ya yi da kansa. Da na isa gida na shiga banɗaki na yi kukan da ban yi irinsa ba tun rasuwar mahaifina, kuma ba kukan baƙin ciki ba ne, na takaici ne.

To ki gaya mini. In shigar da ƙorafin, in zama wadda ta ɓata sunan uwar aurenta a shekararta ta ƙarshe, in sa mahaifiyata ta kasa ɗaga kai a coci? Ko in sa hannu in koma farko, in ci gaba da murmushi? Shin butulci ne mutum ya ce a lissafa aikin da ya yi? In ni ce marar gaskiya ki faɗa mini, ba zan ji haushi ba, don haushin ya riga ya cika, ba wurin wani.

Taki,
Malamar Asabar, Lucena

*

Malamar Asabar, 'yata,

Ba ke ce marar gaskiya ba, kuma neman a lissafa aikin da kika yi ba butulci ba ne. Na fara da wannan don ki samu ki yi barci. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyu sai da na ajiye ta na zagaya tsakar gida, don ni ma raina ya ɓaci.

Abu na gaggawa tukuna: kada ki sa hannu a sabon kwantiragin nan sai lauyan ƙungiyarku ya karanta shi ya gaya miki ko sa hannun yana nufin kin yafe shekarunki uku. Ni ba lauya ba ce, kuma ban ga yarjejeniyarku ba, saboda haka ba zan yi miki alkawarin nasara ba. Amma a tambayi wanda ya sani a cikin makon nan, kada a bari sai ana saura kwana ɗaya.

Batun kalmar kuwa, kin riga kin faɗi gaskiyarsa. A wurinmu babba ba ya cewa yi, cewa yake don Allah, ƙarami kuma ya san abin da ya ji. Ladabi ne mai kyau, ni ma da shi aka raine ni, kuma ba na so mu rasa shi. Amma an yi shi ne don a sassauta wa na ƙasa nauyin umarni, ba don na sama ya samu ƙofar zillewa ba. Ma'aunin roƙo na gaskiya ɗaya ne: shin wanda aka roƙa zai iya ƙi, gobe ya zo aiki lafiya? In ba zai iya ba, umarni ne, ko da kuka aka faɗe shi. Kuma ki lura da wani abu. Makarantar da ta ce ajin nan naki na raɗin kai ne, ita ce ta karɓi sakamakon yaran ta shigar a rajista, ta tura su asibiti da shi. Ba a shigar da sakamakon darasin sa-kai a rajista. Ba zai yiwu ajin ya zama na gaske ga ɗalibai talatin, ya zama wasa ga malamar da ta koyar da shi ba. Wannan ita ce hujjarki mafi ƙarfi, ki sa ta a gaba.

Yanzu bari in ɗan tsaya wa Ninang ɗinki, ki yi haƙuri ki saurara. Ban yi zaton ta shirya cutar da ke ba. Mace ce da hukuma ta matse, ga yara talatin za su rasa shekara, ta duba ta ga wa za ta iya roƙa, sai ta ga ke. Wataƙila har a ranta ta ɗauka in lokaci ya zo za ta gyara da waya ɗaya, kamar yadda ta saba gyara komai. Da wayar ta zo ta wata fuskar, aka tambaye ta kai tsaye, tana da 'yan daƙiƙai ta zaɓa tsakanin sunanta da aikinki. Shirun da kika ji ta yi, zaɓin take yi. Tsoro ne, ba mugunta ba, kuma mutumin da ya shekara talatin yana gaya wa kansa cewa shi ba ya ba da umarni, yakan kai ga yarda da maganarsa. Wannan ya sa na fahimce ta. Bai wanke ta ba. Alherin da ta yi wa yaran nan da Asabar ɗinki ta yi shi, kuma da aka zo biyan kuɗin alherin, ke aka miƙa wa.

Ke ma zan ɗan ja miki kunne, kaɗan. A keke kika yi lissafinki, ba a ofis ba. Kara ta hana ki tambaya ko an rubuta, kuma na san dalili, don tambayar sai ta yi kamar ba ki yarda da ita ba. Ya wuce. Amma daga yau, duk wanda ya dafa kafaɗarki a makarantar nan, ki yi murmushi ki ce da farin ciki za ki yi, a sa miki a cikin aikinki na zangon. Mai niyyar kirki ba zai ji haushin wannan ba.

Malam Dimaculangan kuwa, kada ƙyallin idonsa ya kore ki. Gaskiya ne yana da tasa buƙatar, kuma gaskiya ne ƙungiyar da ke karɓar kason mutum ya kamata ta leƙa ta ga yadda yake, ki gaya masa haka a fuskarsa. Amma bai yi miki ƙarya ba game da abin da zai biyo baya, wannan kuma abin a riƙe ne. Ki yi aiki da shi bisa sharaɗinki: ƙorafin a kan lissafin aikinki ne, abin da ake nema a tabbatar da ke, ba a tozarta tsohuwa ba. Ki karanta kowane layi kafin a shigar. Ki kuma tambaye shi ko akwai wasu malaman da aka roƙa irin naki, don na tabbata ba ke kaɗai ba ce, kuma in kun yi yawa, maganar za ta tashi daga kan mace ɗaya ta koma kan ɗabi'ar makaranta, inda ya kamata ta kasance.

Amma kafin ki shigar da komai, ki je wurin Ninang. Gidanta, ba ofis ba, ke kaɗai. Ki gaishe ta yadda kika saba, kada ki ji kunyar hannunki, tarbiyya ce ba wauta ba. Ki ci abin da aka kawo miki. Sannan ki gaya mata a fili, ba kwana-kwana, abin da shekara ukun nan take nufi gare ki da Efren, har da maganar haihuwar, don ina zaton ba ta sani ba. Ki roƙe ta abu ɗaya: ta je ofishin ma'aikata ta ce ita ta ba ki ajin. In ta faɗa da bakinta, shugaba ce da ta ceci ɗalibanta ta kuma tsaya wa malamarta, iyaka a yi mata faɗa a rufaffen ɗaki. In kuwa sai da aka tono, labarin zai fito da wata kama. Ki gaya mata ranar da za ki shigar da ƙorafin in ba a gyara ba. Wannan ba barazana ba ce, mutuntawa ce, don kada ta ji a bakin wasu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mahaifiyarki ki zaunar da ita a daren da za ki je, ki gaya mata da kanki. Kada ki yi gardama da ita a kan alherin Femy, gaskiya ne, kuma ba ya gogewa. Ki ce mata kawai bashin alheri da alheri ake biyansa, da ziyara, da jinya, da tsayawa a ranar kuka, kuma kina nan a kan wannan har abada. Ba a biyansa da abincin 'ya'yanka. Za ta yi fushi, ki bar ta ta yi. Efren kuma ki ce masa ya matso, a gefenki kike son ganinsa ran da za ki shiga ofishin ƙungiya.

Ba zan yaudare ki ba, mai yiwuwa Ninang ta ƙi. Mai yiwuwa ta yi kuka, ta ce kin ba ta mamaki, ta daina amsa gaisuwarki. In haka ta faru, ki shigar da ƙorafinki a ranar da kika faɗa, kada ki ƙara ko yini ɗaya. Zai yi ciwo, kuma kina da damar yin kukan rashinta. Amma ki riƙe wannan. Ranar aurenki matar nan ta tsaya a gaban Allah da mutane ta ɗauki alkawarin zama uwa gare ki. Uwa takan yi kuskure, takan ji tsoro, takan ma ɓuya a bayan 'yarta na ɗan lokaci. Amma in 'yar ta zo har gida ta durƙusa ta ce ga abin da zan rasa, kalma ɗaya taki za ta cece ni, ita kuma ta zaɓi ta riƙe kalmar, to ba ke kika sauke ta daga matsayin uwa ba. Ita ta ajiye da kanta.

Ina fatan ba za a kai nan ba, kuma zuciyata tana ba ni cewa matar da ta kasa barin yara talatin su faɗi za ta iya tashi saboda guda ɗaya tata. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya da sanyin harshe, ya tabbatar da ke a kan aikinki, ya kuma kawo wa ɗanki ƙani ko ƙanwa cikin kwanciyar hankali.

Taki,
Tita Amparo